Minti Goma Sha Ɗaya da Aka Yanke

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya maigidanki da yara? Ya jikin Inna?

Ni lafiya lau, sai idona da ke ɗan ruwa, ɗakin aikinmu na gyaran fina-finai ba taga. Ba wani abu ba ne.

Kin tuna tsohon fim ɗin da muke kallo da Baba, na matuƙin da ya tafi wata duniya a kumbo? Shi aka kawo mana gyara, kwafi biyu. Aikina in jera su, in rubuta inda suka saɓa. Namu, wanda muka saba kallo, ya ƙare matuƙin ya dawo yana murmushi a ƙofar gidansu. Ɗayan ya ɗara shi da minti goma sha ɗaya: ya shiga, ya tarar da baƙi, uwarsa ta rasu tuntuni. Ashe yanke mana aka yi don kada ranmu ya ɓaci.

Tun ranar hankalina ke kan Inna. Sati uku ke nan, duk na kira sai ki ce Inna tana barci.

Allah ya saka miki, na san tausayina kike ji. Amma don girman Allah, Yaya, kada ki tsayar da ni a ƙofa. Me zan tarar a ciki?

Autarku