Rumfar Taki Ta Yi Gumi

Mongla, watan Boishakh

Apa Shefali, yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata ke da maigidanki da yara kuna lafiya. An ba ni shugabancin masu ɗaure rumfa, karo na farko, kuma an ce in ta yi kyau muƙamin ya zama nawa. Rumfar ajiye takin zamani ce a tashar jiragen ruwa. Ba kwano gare ta ba. Ƙarafa ne tanƙwararru, sai ƙaton tamfol da muke ja da igiyoyin ƙarfe har ya ɗame kamar fatar ganga. Jirgi zai kawo takin kafin damina, a zuba shi tsibi guda, babu buhu. In ruwa ya taɓa shi, ya lalace. Abin da ke damuna shi ne masu zanen rumfar sun bar kafofi a can ƙololuwa.

Ƙaninki,
Mokhles

Jessore

Mokhles,

Wa'alaikumus salam. Iye, shugaba! Kai da ko tabarmarka ba ka iya naɗewa. Na yi murna har da hawaye. Amma kafofi a rufi, a ƙasar nan? Masu zanen nan sun taɓa kwana cikin ruwan daminar watan Ashar kuwa? Ka manta yadda Abba ke sa mu hawa ɗaki kowace shekara, mu toshe ko ramin allura? Toshe su, kada ka ba mu kunya. Allah ya tsare.

Apa

Mongla, watan Srabon

Apa,

Gaisuwa mai yawa. Na toshe su. Injiniyan aikin ya yi tafiya, ni da mutanena muka liƙe su tas, kowa na yaba dabarata, don duk haka muke yi a gida. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ko ɗigo bai shiga ba. Ashe kafofin na shan iska ne. Rumfar ta yi gumi daga ciki, ya dinga ɗiga a kan takin har saman tsibin ya daskare kamar dutse. Da injiniya ya dawo, ya ɗaga kai, ya ce, "Wa ya shaƙe mini rumfa?" Na ce ni ne. An sallame ni. Ban ga laifinki ba, hannuna ne ya yi, amma raina a ɓace yake ƙwarai.

Mokhles

Jessore

Ƙanina,

Sannu. Takinka ya iso shagon ƙauyenmu, dunƙule-dunƙule. Tun jiya nake daka shi a turmi, don shinkafar gona ba za ta jira ba. Maƙwabta na ta zagin wanda ya yi wannan aiki. Ban ce musu mu biyu ne ba.

Ka taho gida. Ɗakin girki na yoyo, kuma wannan kafar ta toshewa ce.

Apa