Sunan Hadiza a Ƙasan Wasiƙar

Talata, 9 ga Nuwamba, 1999

Har yanzu raina a ɓace yake. Da na sauka daga motar Abuja na biya gidan Yaya Sani, na tarar yana yi wa maƙwabta alfahari, wai Hadizarsa ta iya kwamfuta, har mai shagon da take koyo yana ba ta wasiƙu tana tura wa Turawa ta imel. Na ce ta nuna mini ɗaya, ta ciro wadda aka buga daga jakarta. Wai ita 'yar wani marigayi attajiri ce, tana neman mai taimaka mata ta fitar da dukiyar ubanta waje. A ƙasa kuma ga sunanta cikakke!

Na ce, "Yaya, wannan fa damfara ce. Ɗauri ake yi a kanta."

Ya yi dariya. "Ke dai Binta akwai tsoro. Abin da ke cikin na'ura, ba tambari ba sa hannu, wa zai kama? Kuma yarinya ce, sa ta aka yi."

Shekara tara ina buga takardu a kotu, amma wai ni ce ban san abin da ake kamawa ba! Mai shagon ko sau ɗaya bai sa nasa sunan ba, ya san dalili.

Na miƙa wa Yaya takardar. "Karanta da kyau. Hadiza Sani. In 'yan sanda suka shigo Suleja, gidan wa za su tambaya?"

Dariyar ta tsaya. Nan take ya ce ba za ta koma ba.

Abin da ya hana ni barci ke nan. Sunan 'yarsa bai tsorata shi ba, sai da ya ga nasa.