Kyandir a Gidan Gwallameji

Jamus, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Agnes,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya jikin Baba? Da hannu na rubuta na ɗauki hoto na turo, tunda kunnensa ba ya jin waya. Ki karanta masa inda ya dace.

Maganar da kika faɗa mini ta hana ni sukuni. Wata huɗu ke nan da muka mayar da shi gidan da na gina masa a Gwallameji, ga tayil, ga fanka, ga kujerun kushin, amma kin ce ba ya cin abinci, sai ramewa yake yi.

Ina jin na gano abin da ya rasa. A gidan tsofaffin da nake aiki akwai wata tsohuwa da nake kula da ita, kullum da yamma sai ta ce in mayar mata da ɗakinta gemütlich. Abin kansa Gemütlichkeit suke kiransa. Na tambayi malamarmu ta Jamusanci ma'anarsa, ta yi ta juya hannu, ta ce ba ya fassaruwa. Wai ɗumi ne, amma ba na wuta kaɗai ba. Kwanciyar hankali ce, irin wadda wuri ke ba mutum. A kashe farin ƙwan lantarki, a kunna kyandir, a rufa bargo a gwiwa, a riƙe kofin shayi, kada kowa ya yi sauri. In na yi mata haka, tas take cinye abincinta.

Matar Prosper, wani ɗan garinmu da ke nan, za ta taho gida ranar Asabar, na ba ta kyandirori masu ƙamshi da bargo mai laushi. Don Allah, Yaya, ki gwada masa.

Ki gaishe mini da kowa.
Ƙanwarki, Jemima

Bauchi, 24 ga Nuwamba

Jemima,

Muna amsa gaisuwa, kowa lafiya. Saƙo ya iso, kuma na yi yadda kika ce, don kada ki ce yayarki baƙauyiya ce.

Na taso daga ofis na wuce wurinsa, na kashe ƙwan lantarki, na jera kyandir a tebur, na lulluɓe masa gwiwa da bargo, ni kaina ina gumi. Ya dube ni, ya dubi kyandir, ya ce, "Sun ɗauke wuta ne?" Na ce a'a Baba, akwai wuta. Ya ce, "To me ya sa muke zaune kamar masu zaman makoki? Kashe su kafin labule ya kama." Bargon kuma ya ce in ninke in ajiye, wai ya yi kyau da yawa, kada ya yi datti. Shayin da na haɗa masa a kofi ya huce.

Na gwada faɗa masa kalmar taki, harshena ya sarƙe a tsakiya, ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin mu kwashe shi. Sai na karanta masa bayanin malamarku. Da na gama ya ce in rubuto miki wannan, yadda ya faɗa:

"Jemima 'yata, abin da Turawan nan suke nufi na san shi. Bencin ƙofar shagona ne a bakin barikin Shadawanka. Abokina Modibbo ya idar da sallar la'asar ya zo ya zauna, ina gyaran rediyo, yana tsokanata wai soja ya tsufa ya koma likitan akwati. Matan bariki su wuce su gaishe mu. Shekara ashirin da shida muna yi, ba mu san yana da suna ba. Nan kuwa kowa ya ja katanga ya sa get, da safe motoci su fice, a bar ni da ƙadangaru. Gidanki ya yi kyau. Allah ya yi miki albarka."

Ni da ke muka matsa masa ya saki shagon nan, muka ce ya huta.

Ki huta lafiya.
Yayarki, Agnes

Jamus, 26 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa. A banɗakin wurin aiki na karanta wasiƙarki, na yi kuka na wanke fuska na koma.

A mayar da shi, Yaya. Ki nemi mai shagon a sake karɓa masa, ko kuma a riƙa ɗauko Baba Modibbo a keke napep kullum da yamma. Na je neman hutu in taho da kaina, aka ce takardar zamana tana hannun hukuma, in na fita kafin ta fito ba lallai in samu dawowa ba. Na ce sai yaushe? Ba wanda ya sani. Ga ni nan ina ba iyayen wasu abinci a baki, nawa uban yana can yana ture kwano. Ban taɓa jin na zama banza irin na yau ba.

Ki gaya masa ina gaishe shi ƙwarai.
Jemima

Bauchi, 5 ga Disamba

Jemima,

Gaisuwa. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, ba labari mai daɗi nake da shi ba.

Na je unguwarsu Baba Modibbo. Matarsa Hajja ta ce tun watan jiya ɓarin jikinsa ya shanye, baki ma ya rufe, 'ya'yansa sun tafi da shi ruga. Ta ce kafin nan kullum bayan la'asar sai ya je ya tsaya a ƙofar shagon ya dawo, don bai san hanyar Gwallameji ba, kuma kunya ta hana shi tambaya. Mu kuwa ba wanda ya yi tunanin kai shi wurin Baba.

Shagon an ba wani mai sayar da waya, ya fasa gaban ya sa gilashi. Bencin kuwa, mutumin bai ma san an taɓa yin sa ba.

Ban gaya wa Baba ko ɗaya ba. Na kai shi asibiti, likita ya ce bai ga ciwo ba, ya dai riƙa cin abinci. Kamar ba mu sani ba! Tun ranar da ya ji wasiƙarki yake cewa in kai shi Shadawanka ya ga abokinsa, har ya sa na goge masa farar rigarsa. In kai shi, ko in ci gaba da cewa gobe? Ki faɗa mini, don ni kaina ya ƙulle.

Yayarki, Agnes

Bauchi, 14 ga Disamba

Jemima,

Ina gaishe ki. Kin ce in kai shi Shadawanka, na kai shi jiya a keke napep.

A hanya na gaya masa zancen Baba Modibbo, ya gyaɗa kai kawai. Da muka isa bai sauka ba. Ya leƙa ya dubi gilashin, wasu matan bariki suka wuce ta gefensa ba wadda ta gane shi. Can ya taɓa kafaɗar mai keken ya ce, "Mu je gida."

Mai keke ya ce, "Gwallameji, Baba?"

Ya ce, "A'a. Gida."

Mutumin ya juyo yana kallona, inji na ta aiki, yana jira in faɗa masa inda zai nufa. Ban san wane gidan ya rage masa ba, Jemima.

Allah ya sada mu da alheri.
Yayarki, Agnes