Tsohuwata ta ciro sabuwar Yaya Sani

Daren Alhamis, tsakiyar damina

Kafaɗuna ciwo suke, amma sai na rubuta wannan. Yau tsohuwar a-kori-kurata ta fitar da ni kunya.

Ina dawowa daga kasuwar Batsari da buhunan taki, na tarar sabuwar motar Yaya Sani ta kafe a yashin rafi, kan hanyar Wagini. Shi ne fa kullum yake cewa in sayar wa 'yan gwangwan tawa. Ya yi ta taka totur har tayoyin baya suka nutse.

Na tsaya, na sauko. Na rage wa tayoyinmu iska yadda Baba ya koya mana, muka shimfiɗa rassan sabara, na ɗaura igiya tsakanin motocin biyu. Da na fara ja na ji ƙaurin kulocin motata, sai na ce shi ke nan, yau zai samu abin faɗa. Sai tsohuwar ta yi gurnani ta fizgo tasa waje. Alhamdulillahi!

A ƙofar gida ya shafa tsohuwar tawa, ya ce, "Audu, gobe ka ara mini ita, zan kai gero Safana."

Na ce, "Yaya, ai 'yan gwangwan suna jira."