Imel ɗin Shugaba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Da hannu nake rubuto maka, don yanzu ko wayata tsoro take ba ni.

Ranar Litinin masu kutse suka shiga kwamfutocin kamfaninmu, suka kwashe sunaye da adireshin abokan hulɗarmu kaf. Masu bincike sun ce ta imel ɗin Shugaba aka shigo. Shi kuwa bai taɓa buɗe imel da hannunsa ba, wai aikin yara ne. Shekara tara ni sakatariyarsa nake buɗewa da lambar sirrin da ya ba ni. Wani saƙo ya shigo, na ce ban yarda da shi ba. Shugaba ya tsaya a kaina ya ce, "Danna mana, wa ya nemi ra'ayinki?" Na danna.

Ashe ta nan suka shigo, Yaya. Ana maganar ɗauri.

Ƙanwarka.

*

Auta,

Lafiya lau muke. Ke dama ko kyankyaso kika gani sai unguwa ta ji. Kwantar da hankalinki. Ba kuna da daraktoci ba? Ai ba don ado aka ajiye su ba. Je ki faɗa musu yadda aka yi, ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ki gaida yara.

Yayanki.

*

Yaya,

Na ga wasiƙarka, na gode. Daraktocin da kake faɗa, ƙannen Shugaba ne biyu, da ɗansa, da surukinsa. Jiya suka zauna, ni ce kuma mai rubuta bayanin taro. Ina zaune a ƙarshen tebur surukin ya ce, "Dokar kamfani ta hana ba wa wani lambar sirri. In aka ji Baba ne ya bayar, mun kaɗe. A ce yarinyar nan ce ta sata." Ko kallona ba su yi ba.

Sun ce in buga bayanin, su sa hannu, a kai wa masu bincike.

Ka sa ni a addu'a.

*

Yaya,

Na buga abin da aka faɗa a ɗakin, kalma-kalma, har maganar surukin. Suka sa hannu a tsaye, babu wanda ya karanta, kamar yadda suka saba. Takardar ta fita da safe.

Ban san wanda zai fara ƙwanƙwasa mini ƙofa ba, masu bincike ko dangin Shugaba. Don Allah ka zo ka ɗauki yaran yau.

Auta.