Sabis Bai Kai Ɗakin Inna Ba

Ƙanƙara,
9 ga Yuni.

Zuwa ga Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Ya aikin gini, ya zafin Aljeriya? Ya kuma bayan da ka ce yana yi maka ciwo? Allah ya ƙara sauƙi.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Hotonta zan ɗauka in turo maka, domin abin da zan faɗa ba ya faɗuwa ta waya. Na'urar waifai ɗin da ka sa aka sayo mana tana zaure, kan kantar da batirin sola yake, kuma iyakar ƙarfinta ke nan. Da ka wuce rumbu sai sabis ya koma layi ɗaya, kafin ka kai ɗakin Inna a ƙuryar gida ya ɗauke ƙaf. Saboda haka duk mai son magana sai ya zo zaure, zaure kuwa ka san na Baba Gide ne tun rasuwar mahaifinmu. Shi da abokan hirarsa ba sa tashi daga kan tabarmar nan sai salla. Ranar da na gaya maka ina ciwon haƙori, kafin la'asar mutum huɗu sun aiko mini da magani.

Saƙonka na jiya ya hana ni sukuni. Ka ce shekara biyar ba ka ga fuskar Inna ba, sau goma sha ɗaya kana kira a kai mata waya tana ƙi, don haka ka gane har yau ba ta yafe maka tafiyar da ka yi ba da son ranta ba, kuma ka daina kira. Ba zan yi maka ƙarya ba, Yaya. Duk lokacin da na je na ce ta fito zaure ga ka a waya, sai ta ce a gaishe ka, ta ci gaba da tsince wake. Ni ma abin yana ba ni haushi, har na taɓa yi mata magana mai zafi wadda nake nadama.

Amma ka ba ni wata ɗaya kafin ka yanke hukunci. Akwai abin da na ɓoye maka: yanar ido ta fara rufe mata gani. Na dama ya tafi, da na hagu take lallaɓawa, kuma likita ya ce aikin sai bayan kaka. In za ta gan ka da kyau, bana ne.

Kowa yana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Shafa'atu.

Ƙanƙara,
24 ga Yuni.

Zuwa ga Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan jiki ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, ruwa ya sauka sosai, gero ya kai gwiwa. Na ga ka karanta takardata ba ka ba da amsa ba. Ba komai, taurin kan nan a gida ka gaje shi.

Gwaggo Tani ta zo daga Faskari ta kwana uku. Na kai mata ƙarar Inna, ina jiran ta taya ni faɗa, sai ta yi ta dariya har tana share hawaye. Ta ce boko ya cinye mana hankali, ni da kai. Wace uwa ce za ta zauna a zaure, gaban ƙanen mijinta da maza bakwai, ta ƙura wa ɗan farinta ido tana tambayarsa ya ya kwana? Ta ce lokacin da aka haife ka, Inna ko nono ba ta ba ka sai ta sakaya ƙofa. Ta tambaye ni ko na taɓa jin sunanka a bakinta. Na yi ta tunani. Shekarata ashirin da shida, ban taɓa ji ba. Da kana gida “wancan” ne kai, yanzu kuma “na Arewa”. Na san da kunyar ɗan fari kamar kowa, amma ban taɓa kawo ta kusa da maganar waya ba. Kunya ta kama ni, domin wata shida ina jan tsohuwa zuwa inda ba za ta iya buɗe baki ba.

To, tunda Inna ba za ta je wurin sabis ba, sai sabis ya je wurinta. Na fara da roƙon Baba Gide a mayar da na'urar tsakar gida. Ya ce in an ɗauke ta, da me za su ji labarin duniya? Ban iya gaya masa dalilina ba, don in na faɗa na tona abin da ake rufewa. Na ɗaga ta sama na rataye a jikin azara, sabis ya ƙaru da taku biyar. Wata malama a makarantar da nake koyarwa ta ce in jingina faranti a bayanta ya turo sabis ɗin cikin gida. Na jingina, ya kai bakin turmi ya tsaya. Katangar ƙasar nan da marigayi Baba yake alfahari da kaurinta ita ce ta tare komai, ga kuma tankin ruwa na ƙarfe a tsakani.

Daga ƙarshe na je wurin Malam Bilya, mutumin Sabuwa da ke gyaran waya a bakin kasuwa. Ya sayo mini wata 'yar na'ura daga Funtuwa, wadda ke karɓar sabis ta ƙara tura shi gaba. Da wayona, na ja waya daga sola na kafa ta a cikin ɗakin Inna, na ce mata fitilar sauro ce. Kwana biyu tana ƙyafta jar wuta, babu ko layi ɗaya. Da na koma, Malam Bilya ya ce ai ɗan aike ba ya isar da saƙon da bai ji ba. Sai an ajiye ta a tsakiya, inda take jiyo zaure kuma take hango ɗakin.

Gobe zan gwada jikin rumbu. Kada ka kira tukuna.

Taka,
Shafa'atu.

Ƙanƙara,
5 ga Yuli.

Zuwa ga Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum. Ina fata ka wayi gari lafiya. Na gode da ka daure ka kira jiya kamar yadda na roƙe ka. Ka san rabin labarin, bari in ba ka rabin da ba ka gani ba.

Na ɗaure 'yar na'urar a saman rumbu, ta ɓangaren da ke kallon ƙofar Inna, nan take wutarta ta koma kore. Na shiga ɗakin da wayata, layi uku har kan gado. Da hadari ya haɗo sai na kifa mata kwanon sha don kada ta jiƙe, sabis ya ɓace gaba ɗaya. Na yi ta kunnawa da kashewa, ban gane ƙarfen kwanon ne ya toshe shi ba. Ina tsaye ina gumi sai ga Inna ta fito tana lalube da bango, riƙe da farar ƙwaryarta ta fura, wadda ko ni ba ta bari in taɓa. Ta miƙo mini, ta ce kwano yana ɗaukar zafi, kada fitilar sauron tawa ta lalace. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Na cire kwano na kifa ƙwarya, layi uku suka dawo. Ashe tun farko ta san abin da nake yi.

Jiya Juma'a na zaɓa, don na san bayan an sauko daga masallaci Baba Gide da jama'arsa za su wuce barkar suna a 'Yargoje. Sauran mutanen gida na tura su gona kai abinci. Da kiranka ya shigo, na jingina wayar da matashi ta ɓangaren idonta na hagu, na ce mata zan je in yi daka. Ta gyara ɗaurin kallabinta, abin da ban ga ta yi don kowa ba tun takaba. Na fito na saki labule.

Na zuba gero a turmi na yi ta daka da ƙarfi, don ta tabbata ba na ji. Minti arba'in da biyu kuka yi, na gani a wayar daga baya. Ban san abin da kuka faɗa ba, kuma kada ka gaya mini, ba nawa ba ne. Abu ɗaya kawai ya tsallako. Na ɗaga taɓarya ke nan, kafin ta sauka, sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, “Maharazu, matso in gan ka.” Na tsaya da taɓarya a sama. Sai na tuna in ta ji shiru za ta daina, na ci gaba da daka ina hawaye, geron kuwa ya riga ya zama gari.

Da ta fito, fuskarta kamar kullum. Ta taɓa garin ta ce na cika daka, ba zai yi fura mai kyau ba. Can da muna cin tuwo, ba tare da ta ɗago kai ba, ta ce na Arewa ya rame, a gaya masa ya riƙa cin abinci. To, na gaya maka.

Ka riƙa kira ranar Juma'a da ƙarfe uku. In ka kira zaure kuma aka ce tana gaishe ka, ka amsa kawai, kada ka ƙara ƙirgawa. Ƙwaryar tana nan kan rumbu, ta ce a bar ta a can, ta koma shan fura a kwano.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka,
Shafa'atu.