Wuƙar fiɗar ragon suna

Garwa, daren Lahadi

Na gaji, amma barci ya ƙi zuwa. Yau aka yi sunan jikana. Da aka yanka rago, ƙanena Bukar ya ɗauki wuƙa zai yi fiɗa, sana'arsa ce fa tun da can. Kawu Sale ya karɓe ta a gaban mutane, ya ce, "Kai dai zauna." Kowa ya sunkuyar da kai.

Bukar ya same ni a madafa, ya ce, "Yaya, an zalunce ni."

Sau uku ke nan ina jin wannan magana a bakinsa. Na farko da aka tsare Baba a Mora ba laifin komai, sai ya bi masu bindiga daji. Na biyu ranar da ya gudo daga hannunsu, bayansa duk shatin bulalar shugabansu. Na san ba nadama ce ta dawo da shi ba. Bai taɓa ambaton waɗanda shi ya zalunta ba, ni ma tsoron tambaya nake yi.

Na kai masa nama, bai ci ba. Duk sanda ya faɗi maganar nan, tafiya yake yi. Na ɓoye takalmansa a ƙarƙashin gadona, alhali da ya gudo daga daji ma babu takalmi a ƙafarsa.